Gudan Jini A Bawul Ɗin Zuciya: Abin Da Kwamfuta Ke Hangowa Da Abin Da Ya Rage Mana

Akwai wata 'yar yayata da ke aure a Badarawa, a nan Kaduna. Idan dare ya tsala, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, duk wanda ya zauna kusa da ita zai ji wani ɗan sauti na fitowa daga ƙirjinta, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar na agogon hannu irin na dā. Sautin bawul ɗin ƙarfe ne da aka sa mata a zuciya shekara biyar da suka wuce, tana 'yar shekara 19, a wani asibiti a Indiya, bayan dangi sun haɗa gudummawa, mahaifinta kuma ya sayar da filinsa. Da farko sautin yana hana ta barci. Yanzu kuwa rashin jinsa ne ke tayar mata da hankali, domin likita ya gargaɗe ta cewa duk ranar da ta ji ya dushe, ta nufi asibiti ko da tsakar dare ne, don mai yiwuwa jini ne ya fara daskarewa a kan bawul ɗin.

Kwanakin baya ta zo gaishe ni, muna cikin hira sai ta ce: “Kawu, na ji wai yanzu kwamfuta na iya gaya wa mutum ko jini zai daskare a bawul ɗinsa tun kafin a yi masa aikin. Kai da kake koyar da lissafin gudun ruwa, gaskiya ne?” Na ce mata akwai gaskiya a maganar, sai dai gaskiyar tana da tsawo, na kuma yi alkawarin zan zauna in rubuta amsar, domin na san ba ita kaɗai ke yawo da irin wannan agogo a ƙirji a garin nan ba. Ni ba likita ba ne. Fannina shi ne lissafin yadda ruwa da iska ke gudu a cikin bututu da kewayen abubuwa, don haka kada wani ya ɗauki maganata ya ajiye ta likitansa.

Zuciya famfo ce mai ɗakuna huɗu, tana da ƙofofi huɗu masu ƙyaure, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo da baya. Su ake kira bawul, kalmar da kowane mai facin taya ya sani. Zuciyar baligi na bugawa wajen sau 100,000 a kowace rana, tana tura jinin da ya kai lita 5 a minti guda ko da mutum na zaune. Wato kowane ƙyaure yana buɗewa yana rufewa fiye da sau miliyan 35 a shekara.

A Turai da Amurka tsufa ne ya fi lalata waɗannan ƙofofi: sinadari mai kama da alli ya taru a kansu su ƙame, galibi bayan shekara 70. A wurinmu kuwa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya. Wata ƙwayar cuta da ake kira sitireftokokus takan kama yaro, ya yi zazzaɓi, haɗiya ta gagare shi. Sai a sayo masa maganin zazzaɓi a kemis, ko a kai shi wurin wanzami a cire belu, bayan 'yan kwanaki ya koma wasa. Ga wasu yaran, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin da ta fito yaƙar ƙwayar takan yi kuskure ta auka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Duk lokacin da ciwon ya dawo tabon yana ƙaruwa, har ƙyauren ya tsuke ko ya daina rufuwa. Shekaru sukan wuce kafin yarinya ta fara haki idan ta hau bene ko ta ɗauki tulu.

Wani ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a shekarar 2015 mutum miliyan 33 ke ɗauke da wannan cuta, kuma ta kashe wajen 319,000 a shekarar. A kusa da mu, a 2007 likitoci uku na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Mahmoud Sani da Kamilu Ƙaraye da Musa Borodo, sun buga sakamakon nazarin hotunan zuciya da aka ɗauka a Kano. Sun tarar kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka ga matsala a zuciyarsu wannan cuta ce ke damunsu, mata sun fi yawa, kuma akasarinsu matasa ne.

Idan ƙofa ta lalace fiye da gyara, sai a cire ta a sa wata. A 1960 ne likitan tiyata Albert Starr da wani injiniya mai ritaya, Lowell Edwards, wanda ya yi suna wajen ƙera famfon man jirgin sama, suka yi nasarar sa wa mutum bawul na ƙira a Portland ta Amurka: ƙwallo ne a cikin ɗan keji. A 1977 kamfanin St. Jude Medical ya fito da mai ƙyaure biyu da aka yi da gawayi mai tsananin tauri, irin wanda ke ƙirjin 'yar yayata, ko da yake mu duka bawul ɗin ƙarfe muke ce masa. A ɗaya gefen, Bafaranshe Alain Carpentier ya gano yadda ake sarrafa naman dabba a yi bawul da shi, na saniya ko na alade. A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya ranar 1 ga Fabrairun 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, a hannun Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub daga Ingila. Tun daga wancan zamani zaɓin bai sauya ba. Bawul na naman dabba ba ya yawan tara gudan jini, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ba ya kaiwa haka. Na ƙarfe yakan wuce ran mai shi, amma jini na son daskarewa a kansa, don haka dole mutum ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa. Matashiyar da iyayenta suka sayar da fili don aiki ɗaya ba ta da filin aiki na biyu, shi ya sa yawancin yaranmu ke dawowa da na ƙarfe.

Me ya sa jini ke daskarewa a can? Tun tsakiyar ƙarni na 19 aikin Bajamushe Rudolf Virchow ya aza harsashin amsar da ɗaliban likitanci ke haddacewa har yau. Dalilai uku ne: yanayin bangon da jinin ke taɓawa, yanayin jinin kansa, da yanayin gudunsa. Na ukun shi ne fannina, kuma kogin Kaduna ya ishe mu misali. Duk wanda ya tsaya a bakinsa ta wajen Gamji ko Kabala ya lura da masu ɗibar yashi, zai ga ba sa nema a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Sukan nufi bayan duwatsu da cikin kwana, inda ruwa ke lafawa yana kewaya kansa, don a nan yake sauke abin da ya ɗauko. Inda kuma ya matse tsakanin duwatsu biyu, a nan yake zaizaya. Bawul na ƙira yana da irin waɗannan wurare biyu a cikin faɗin da bai wuce na kwabo ba. A mahaɗin ƙyaurensa akwai rata da ba ta fi kaurin silin gashi ɗaya ko biyu ba, jini na fesowa ta cikinta da ƙarfin da ke tunzura ƙananan ƙwayoyin da aikinsu shi ne toshe rauni. Kusa da nan kuma akwai lungu inda jini ke kwantawa. Ƙwayoyin da aka tunzura a can sai su taru a nan su manne. Idan gudan ya girma zai maƙale ƙyauren, idan kuma ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Ba a iya leƙa wannan lungu da ido a cikin mutum mai rai, a nan kwamfuta ta shigo. Akan ɗauki hoton zuciyar majiyyaci da na'urar CT, a fitar da siffar ɗakunanta da bakin babbar jijiya daidai da nasa. Sai a yanyanka wannan siffa zuwa ƙananan akwatuna miliyoyi, a ɗora wa kowane akwati ƙa'idojin lissafin gudun ruwa, waɗanda Navier na Faransa ya rubuta a 1822, Stokes na Birtaniya ya kammala a 1845. Kwamfuta ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana lissafa saurin jini da matsinsa a kowane ɗan ƙiftawar ido, har bugun zuciya ya cika, ta sake. Abin da ke fitowa taswira ce mai launi: nan jini na gudu da ƙarfin da zai ji wa ƙwayoyinsa, can yana kwance. Ana iya zuba ƙwayoyin jini na ƙarya a ciki a ƙirga bugu nawa za a yi kafin lungun ya wanke. Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Charles Peskin, wanda a 1972 ya ƙirƙiro dabarar lissafa yadda ƙyauren zuciya mai motsi da jini mai gudu ke tura juna. Amfanin abin shi ne ana iya gwada bawul babba ko ƙarami, a ɗaga shi sama ko a sauke shi ƙasa, a ga inda jini zai kwanta, tun ba a taɓa mutum da wuƙa ba, kamar yadda tela mai hankali ke yanka a takarda kafin ya sa almakashi a shadda.

Wannan bincike ya fi ƙarfi a kan wani sabon nau'in aiki. Ranar 16 ga Afrilun 2002, a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier ya zura bawul a naɗe ta cikin jijiya har zuwa zuciya, ya buɗe shi a cikin tsohon da ya lalace, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Yau dubban ɗaruruwan tsofaffi sun amfana da wannan hanya. A 2015 Raj Makkar na Los Angeles da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa hotunan CT na nuna wasu daga irin waɗannan bawuloli ba sa buɗewa sosai, saboda siririn gudan jini da ya kwanta a bayan ƙyauren, alhali majiyyacin bai ji komai ba. A 2017 masu bincike a ɗakin gwajin Ajit Yoganathan na Georgia Tech suka nuna cewa aljihun da ke samuwa tsakanin tsohon ƙyaure da sabo shi ne matattarar, kuma yawan kwanciyar jini a cikinsa yana da alaƙa da irin bawul ɗin da yadda aka zaunar da shi. Daga nan wasu kamfanoni suka fara sayar wa asibitoci manhajar gwada aiki a kwamfuta kafin ranar tiyata. Hukumomi ma sun shigo: ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME ta fitar da ma'aunin tantance irin wannan lissafi a 2018, hukumar FDA kuma ta fitar da ƙa'idojinta a Nuwamban 2023.

Kada wani ya ce ana da'awar sanin gaibu. Abin ya yi kama da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. An tara abin da aka gani a baya, an san dokokin da Allah ya ɗora wa iska da ruwa, sai a ce ga abin da ya fi yiwuwa. Manomi mai hankali yana saurara, amma ba ya rantsuwa a kai. Haka kwamfuta ke cewa haɗarin wannan ya fi na wancan. Ba ta san ranar ba, kuma har yanzu ana kan gwada hasashen nata da abin da ke samun majiyyata a zahiri.

Zuwa nan amsar da zan ba 'yar yayata ita ce i. Sauran amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Abu na farko, ba don ita aka ɗinka wannan riga ba. Majiyyatan da aka fara gwada bawul ɗin zurawa a kansu 'yan wajen shekara 80 ne, matsalarsu a ƙofar babbar jijiya take, bawul ɗinsu na naman dabba ne. Namu 'yan shekara 20 ne da ɗoriya, matsalarsu galibi a ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu take, bawul ɗinsu na ƙarfe ne, kuma da yawansu ɗakin sama ya riga ya buɗe, bugun ya rikice, jini na kwana a cikinsa. Ƙari a kan haka, lissafin na bukatar hoton CT mai tafiya da bugun zuciya, da kwamfuta mai ƙarfi da za ta yi sa'o'i ko kwanaki tana aiki ba a ɗauke wuta ba.

Abu na biyu, kwamfuta ba ta lissafa komai sai abin da aka zuba mata. Kafin ta fara sai an gaya mata kaurin jinin da saurin daskarewarsa, kuma alƙaluman da ake amfani da su an samo su ne daga jikin wasu mutane. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila, inda ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suka zama abokan zama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. An ma taɓa ganin illar haka. A 2013 an buga sakamakon gwaje-gwaje biyu a kan wani lissafi da ke duba ƙwayoyin gadon mutum ya faɗi yawan maganin tsinka jini da ya dace da shi. A gwajin EU-PACT, wanda aka yi a Birtaniya da Suwidin, lissafin ya taimaka. A gwajin COAG na Amurka kuwa, baƙaƙen fatan da aka bi lissafin a kansu sun fi 'yan'uwansu da ba a duba ƙwayoyin gadonsu ba kauce wa ma'auni. Babban dalilin da masana suka kawo shi ne an gina lissafin a kan sauye-sauyen gado da suka yawaita a Turawa, aka bar waɗanda suka yawaita a 'yan asalin Afirka. Lissafin bai yi ƙarya ba, wasu mutane aka koya masa.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Cikin dalilai uku na Virchow, kwamfutar injiniya ta fi ƙwarewa a kan gudun jini, alhali abin da ya fi yanke hukunci a rayuwar mai bawul ɗin ƙarfe shi ne yanayin jinin, wato maganin da ake kira wafarin. Tarihinsa abin mamaki ne. An gano tushensa ne daga ruɓaɓɓiyar ciyawa da ke sa shanu zubar da jini har su mutu a Amurka da Kanada, Karl Link na Jami'ar Wisconsin ya tace sinadarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin gubar ɓera, sai a 1954 aka amince wa mutane su sha. Idan ya yi kaɗan jini ya daskare, idan ya yi yawa ya ɓalle. Ana auna shi da gwajin jini mai suna INR. Na mai lafiya yakan tsaya wajen 1, na mai bawul ɗin ƙarfe a ƙofar tsakiyar hagu ana son ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5. An yi fatan sababbin magunguna marasa bukatar gwaji za su hutar da mutane, amma a 2012 aka dakatar da gwajin RE-ALIGN domin masu bawul ɗin ƙarfe da suka sha dabigatran sun fi masu shan wafarin samun shanyewar jiki da zubar jini. A 2022 gwajin INVICTUS, wanda aka yi a kan masu cutar zuciyar nan ta ƙuruciya da bugunsu ya rikice, ya nuna masu shan tsohon maganin sun fi masu shan rivaroxaban tsira da rai. Don haka muna nan tare da wafarin da gwajinsa.

Yaya muke da wannan gwaji? Binciken REMEDY da aka buga a 2015 ya bi majiyyata 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da Nijeriya. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne. Cikin waɗanda ke shan maganin tsinka jini aka kuma samu sakamakon gwajinsu, kashi 28 cikin 100 kacal ne ke cikin ma'aunin da ake so. Sauran suna yawo ne ko dai da jinin da ke shirin daskarewa ko wanda ke shirin ɓallewa.

Na ga haka a gidanmu. A daminar bara 'yar yayata ta je wani ɗakin gwaji sau biyu ana ce mata sinadarin ya ƙare, ta gaji ta daina zuwa. A daidai lokacin zogale da alayyahu sun yi araha, kwaɗo kullum, miyar ganye kullum. Ba ta san ganye na ɗauke da sinadarin bitamin K mai rage ƙarfin wafarin ba. Da mijinta ya matsa aka je wani wuri bayan wata uku, sakamakon ya fito 1.4. Allah ya kiyaye, likita ya gyara mata ma'auni cikin gaggawa. Bai ce ta daina cin ganye ba, ya ce ta riƙa ci daidai-wa-daida, kada ta yi wata guda ba ta ci ba sannan ta dira a kansa. Ya kuma jero mata abubuwan da ke cikin kowane kemis na unguwa: Flagyl da Septrin suna ƙara wa wafarin ƙarfi har dasashi ya fara jini, rifamfisin na maganin tarin fuka yana kashe ƙarfinsa, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna jawo zubar jini a ciki. Jiƙo da sassaƙe kuwa ya ce kada ta kusance su sai ta tambaya. Babu wata kwamfuta a Atlanta da aka taɓa gaya wa lokacin da zogale ke araha a kasuwar Kawo.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi a fili ba. Amarya ce, dangin miji sun fara zuba ido. Wafarin yana ratsa mahaifa, yana iya nakasa ɗan tayi musamman tsakanin mako na 6 da na 12, shi kansa ciki kuma yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Mata masu bawul ɗin ƙarfe suna haihuwa lafiya, amma sai an shirya da likitan zuciya da na haihuwa tun kafin a ɗauki cikin, a tsara yadda za a sauya magani da yadda za a yawaita gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen da ke ɓoye wa manemi cewa 'yarsu na da bawul, don kada ya gudu, da ranta suke caca.

To me ya rage mana? Na farko shi ne rajista. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su haɗa kundi ɗaya na duk mai bawul a jihar, ko a ina aka yi masa aikin: irin bawul ɗin, ma'aunin maganinsa, sakamakon kowane gwaji, da abin da ya same shi. Na biyu shi ne kawo gwajin kusa. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke ba da sakamakon INR daga ɗigon jinin yatsa cikin minti ɗaya ko biyu. A ajiye ta a manyan asibitocin gwamnati irin na Kawo, a ware rana guda a mako, hukumar KADCHMA kuma ta sa gwajin da maganin cikin abin da inshorarta ke biya. Ba sabon abu ba ne a Afirka. Cibiyar tiyatar zuciya ta Salam da ƙungiyar Emergency ta buɗe a Khartum a 2007 tana yin aiki kyauta, ta kuma haɗa shi da sashe na musamman mai bin diddigin INR na waɗanda ta sallama, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wahalar da komai.

Na uku ya shafe mu malaman jami'a, kuma da kaina nake farawa. Ƙa'idojin Navier da Stokes da ake lissafa jini da su, su ne dai ake koyarwa a Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama, AFIT, don lissafa iska a kan fiffiken jirgi, su ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna don lissafa ruwa a madatsa. Manhajojin OpenFOAM da SimVascular kyauta ne ga duk mai intanet. Amma shekara da shekaru muna ba ɗalibai aikin lissafa gudun ruwa a bututun da babu shi a duniya, alhali likitan zuciya na zaune da tarin hotuna a asibitin da ba shi da nisa da ofishinmu. Kuɗin bincike na TETFund zai yi amfani idan injiniya da likita da masanin alƙaluma suka nema tare. Kuma ba sai mun fara da babban lissafin gudun jini ba. Idan rajistar ta tara sakamakon shekara biyu ko uku, ɗalibin digiri na biyu zai iya gina ƙaramin lissafi da zai nuna wa ke cikin haɗari, a wane wata, bayan shan wane magani, har ya aika saƙon tunatarwa da Hausa zuwa wayar wadda ta yi makonni shida ba ta zo gwaji ba. Wannan ma hasashen gudan jini ne da kwamfuta, kuma shi zai fara ceton rai a nan.

Na huɗu ya fi duka araha. Ciwon maƙogwaron da ya fara wannan doguwar tafiya, fenisilin ke kashe shi, allura ɗaya ko ƙwayoyi na kwana 10. Yaron da ciwon ya riga ya taɓa gaɓoɓinsa ko zuciyarsa, allura duk mako uku ko huɗu na hana tabon ƙaruwa. A lardin Pinar del Río na ƙasar Kuba an yi shirin shekara goma, daga 1986 zuwa 1996, na wayar da kan iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, cutar ta ragu ƙwarai. A 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su yi haka. Malamin firamare da malamar Islamiyya da liman da wanzami duk suna da rawar takawa: yaro ya yi zazzaɓi da ciwon haɗiya, a kai shi asibiti. Rigakafi ya fi magani, balle tiyata.

Ga amsarki, 'yata. Kwamfuta na iya hango inda jini zai kwanta a bayan ƙyaure, kuma ina sa ran bawulolin da za a sa wa na bayanki za su fi naki kyau saboda wannan aiki. Naki kuwa an riga an sa, abin da ke tsaronsa, bayan ikon Allah, shi ne ƙwayar da kike sha kowane dare da lambar da ke fitowa a takardar gwaji. Na saya mata littafi mai bango ja na ce ta riƙa rubuta kwanan wata, da sakamako, da yawan maganin, da duk wani sabon abu da ta ci ko ta sha. Ta cika shafi huɗu. Ranar da aka buɗe rajistar da nake kira a buɗe, da shi za mu fara zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.